SANDAR GIRMA TA SAMU, SAURA TAKARDAR GONA

Daga Wakilinmu, Yola

Ran 23 ga watan Disamba na 2024, Gwamnan Jihar Adamawa, Alhaji Ahmadu Umaru Fintiri, ya yi wa jama'ar jihar jawabi inda ya ba da sanarwar ƙirƙiro sababbin masarautu guda bakwai. Huɗu daga cikinsu masu daraja ta biyu ne, watau masarautar Huba mai hedkwata a Hong, da ta Madagali mai hedkwata a Gulak, da ta Michika, da ta Fufore. Sauran ukun kuwa masu daraja ta uku ne, su ne Gombi da Maiha da kuma Yungur wadda hedkwatarta ke Dumne. Da wannan sanarwa sai Hong da Gombi da Fufore da yankin Dumne suka fita daga ƙarƙashin Lamiɗon Adamawa, Michika da Madagali da Maiha kuma suka fita daga ƙarƙashin Sarkin Mubi.

Tun daga majalisun dattawan Adarawo a tsohon garin Yola har zuwa rumfunan kasuwar Jimeta, jama'a sun daɗe suna tattauna wannan al'amari. Waɗansu suna ganin an rage wa gidan Modibbo Adama girma, har ma waɗansu masu riƙe da sarauta suka kai ƙara kotu a kan masarautar Fufore. Waɗansu kuwa, musamman mutanen da suka yi shekara da shekaru suna roƙon a san da zamansu, sun ce an share musu hawaye. Amma akwai wata tambaya da hayaniyar naɗin sarauta ta danne, ita ce kuwa ta fi shafar talaka: shin al'ummar da aka bai wa sarki, an kuma tabbatar mata da ƙasar da take nomawa? Bisa ga dokokin da ake aiki da su a Nijeriya yau, amsar ita ce a'a.

YADDA AKA HAU DUWATSU

In ana son a fahimci wannan magana, tilas ne a waiwayi baya. Kafin jihadi, kwarin Binuwai da kewayensa mazaunin ƙabilu ne masu yawa, irin su Bata da Bachama da Vere da Chamba da Mbula da Yungur da Kilba, waɗanda suke kiran kansu Huba, da Margi da Higi da sauransu, Fulani makiyaya kuma suna zaune tare da su. Bayan Modibbo Adama ya karɓo tuta daga wurin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, ya kafa daular Fombina, ya zauna Gurin da waɗansu wurare kafin ya kafa Yola a 1841. Waɗansu ƙabilun sun yi amana suka ci gaba da zama a fili. Waɗansu sun yi ƙaura, kamar yadda Batawa da yawa suka gangara wajen Demsa. Waɗansu kuwa suka haye kan duwatsu inda doki ba ya iya kai wa gare su, watau duwatsun Mandara a arewa da na Vere da Alantika a kudancin Yola.

Zuwan Turawa bai sauko da su ba. Ingilishi sun ci Yola a watan Satumba na 1901, Lamiɗo Zubairu ya fita, mafi yawan ƙasar Fombina kuma ta faɗa hannun Jamus. A yankin Madagali, wanda ya fara zama ƙarƙashin Jamus, Hamman Yaji ya ci gaba da kai wa mutanen duwatsu hari yana kamo bayi, kamar yadda littafin da ya sa ake rubuta masa abubuwan yau da kullum ya nuna, sai a 1927 ne Ingilishi suka tuɓe shi. Su kansu Ingilishin, da yake tsarinsu shi ne su yi mulki ta hannun sarakuna, sai suka tattara ƙabilu da yawa suka sa su ƙarƙashin hakiman En'e ta Yola domin sauƙin tara haraji. Ta haka ne sarakunan gargajiya na waɗansu al'ummu suka koma hakimai ko dagatai, waɗansu ma sunansu ya ɓace daga takardun hukuma ɗungum.

RANAR DA AKA NEMI ƘURI'ARSU

Karo na farko da kukan waɗannan mutane ya girgiza hukuma shi ne a 1959. Bayan yaƙin duniya na farko an raba Kamaru ta Jamus tsakanin Ingila da Faransa, rabon Ingila na arewa, wanda ya haɗa da Mubi da Madagali da Ganye, ana mulkinsa tare da Nijeriya ta Arewa a matsayin ƙasar amana. A watan Nuwamba na 1959 Majalisar Ɗinkin Duniya ta shirya ƙuri'ar raba-gardama, aka tambayi mutanen ko za su shiga Nijeriya in ta sami mulkin kai, ko kuwa a jinkirta maganar. Abin da ya ba shugabannin Kaduna mamaki, sai mafi yawan masu ƙuri'a suka zaɓi a jinkirta. Da aka bincika sai aka gane babban dalili shi ne ƙin jinin mulkin En'e da hakiman da ake turo musu daga nesa.

Nan da nan aka yi gyara. A 1960 aka cire yankin daga ƙarƙashin En'e ta Adamawa, aka kafa masa En'o'insa na kansa, ciki har da ta Mubi da ta Chamba a Ganye. Da aka sake jefa ƙuri'a a watan Fabrairu na 1961, kimanin kashi 60 cikin 100 suka zaɓi Nijeriya, yankin ya shigo ran 1 ga Yuni na wannan shekara, aka kuma raɗa masa suna Lardin Sardauna. Darasin da ke cikin wannan tarihi a fili yake: an tuna da mutanen duwatsu ne a ranar da ake bukatar ƙuri'arsu, abin da aka ba su kuwa shi ne mulki. Maganar mallakar ƙasa ba ta taso ba.

MUTANEN KOMA

Babu misalin da ya fi na mutanen Koma nuna yadda hukuma kan manta da al'umma ɗungurungum. Su dai Koma suna zaune ne a kan duwatsun Alantika, a Ƙaramar Hukumar Jada ta yanzu, 'yan'uwansu kuma suna ƙetaren iyaka cikin Kamaru. Sun zama 'yan Nijeriya tun 1961 tare da sauran mutanen Lardin Sardauna. Amma sai a 1986, zamanin da Kanar Yohanna Madaki yake Gwamnan Soja na Jihar Gongola, labarinsu ya cika jaridu, aka yi ta shelar wai an gano waɗansu mutane masu ɗaura ganye waɗanda zamani bai kai gare su ba.

Kalmar nan ta ganowa ita kanta abin dubawa ce. Maƙwabtansu Chamba da Vere da Fulani sun san su tun kaka da kakanni, suna kuma cin kasuwa tare. Gwamnati ce kaɗai ba ta san hanyar garinsu ba, shekara ashirin da biyar bayan sun zama 'yan ƙasa. Bayan wannan hayaniya masu wa'azin addini da ƙungiyoyin agaji sun shiga yankin, an buɗe makarantu da ɗakunan shan magani a gindin dutse, kuma a yau Koma tana da mazaɓu biyu na kansila a Jada. Duk da haka, abin da ya ja hankalin jama'a a lokacin shi ne tufafinsu da al'adunsu. Ba a ji wanda ya tambayi inda iyakar gonakinsu da dajinsu ta tsaya ba, balle a auna a rubuta. Ko da Kotun Duniya ta yanke hukunci a kan iyakar Nijeriya da Kamaru ran 10 ga Oktoba na 2002, hukuncin da ya shafi har duwatsun Alantika, gardamar ta gwamnatoci biyu ce a kan inda layi zai bi.

ABIN DA DOKA TA CE

To, wane ne mai ƙasa a idon doka? Tun 1910 Turawa suka yi dokar da ta sa dukan ƙasar Arewa ƙarƙashin ikon Gwamna, aka sabunta ta a 1916, Gwamnatin Jihar Arewa kuma ta sake tsara ta a 1962. A kan wannan tubali ne gwamnatin soja ta Janar Olusegun Obasanjo ta gina Dokar Amfani da Ƙasa ta ran 29 ga Maris na 1978, wadda ta game Nijeriya duka, aka kuma cusa ta cikin tsarin mulki yadda ba a iya taɓa ta sai ta hanyar da ake gyara tsarin mulkin kansa.

Sashe na farko na dokar ya danƙa dukan ƙasar kowace jiha a hannun Gwamna, ya riƙe ta amana domin amfanin 'yan Nijeriya. Filayen birni Gwamna ne ke ba da izinin zama a kansu, shi ne kuma ke da ikon ya ce wuri kaza ya zama birni. Filayen karkara kuwa ƙaramar hukuma ce ke ba da izinin riƙo irin na gargajiya, har kadada 500 domin noma, ko kadada 5,000 domin kiwo, abin da ya wuce haka sai da yardar Gwamna. Mai karatu zai lura a duk wannan tsari babu inda aka ba sarki ikon mallaka ko rabon ƙasa, ko da mai daraja ta ɗaya ne. Abin da ake gani na sa hannun dagatai da hakimai a cinikin fili al'ada ce da shaida, ba ita ce mallaka ba.

Gaskiya ne dokar ba ta kori kowa daga gonarsa ba. Sashe na 36 ya ce wanda yake noma fili a karkara kafin 1978 zai ci gaba da riƙonsa tamkar an ba shi izini, yana kuma iya kai zanen filin ga ƙaramar hukuma a yi masa rajista. Amma manoma nawa ne a kan dutsen Vere ko Alantika suka taɓa jin wannan sashe? Ban da haka, rayuwar irin waɗannan al'ummu ba a kan gonar bana kaɗai ta dogara ba. Akwai saurukan da aka bari su huta, da dajin da ake samun itace da zuma da magani, da fadamar da ake kamun kifi, da kufan kakanni da wuraren ibada. Waɗannan na jama'a ne gaba ɗaya, ba su da sunan mutum guda a kansu, kuma su ne ma'aikacin safiyo daga birni zai kalla ya rubuta cewa sunƙuru ne wanda ba mai shi.

Sa'an nan ga maganar diyya. Sashe na 28 ya ba Gwamna ikon ya karɓe kowane fili in bukatar jama'a ta taso. Abin da ake biya kuwa, bisa ga sashe na 29, shi ne kuɗin gini da shuka da sauran aikin da aka yi a kan filin, ita ƙasar kanta ba a biyan kuɗinta. Wanda ya gaji fadama tun kakan kakansa, in aka zo karɓa, kuɗin dawar da ke tsaye da bishiyoyin da ya dasa za a lissafa masa. A nan ne kaɗai sarauta ta shigo cikin dokar da ƙarfi, gama sashen ya ce in al'umma ce ta cancanci diyyar, Gwamna yana iya umurtar a biya al'ummar, ko a danƙa wa sarkinta ko shugabanta ya sarrafa domin amfaninta, ko a zuba cikin wani asusu. Saboda haka samun sarki na gida yana da amfani ba shakka, amma amfaninsa yana zuwa ne bayan ƙasar ta riga ta tafi.

DARASIN KIRI DA NUMAN

Mutanen Adamawa ba su bukatar a kawo musu misali daga nesa. A 1982 aka gama madatsar ruwa ta Kiri a kan kogin Gongola, domin shayar da gonakin rake na kamfanin sukari na Savannah da ke kusa da Numan. An ƙiyasta mutanen da ruwan ya tasa daga gidajensu da gonakinsu sun haura 20,000. Ƙasar Numan da Shelleng da Guyuk ba ta rasa sarakuna ba, akwai Hama Bachama da Amna Shelleng da Kwandi Nunguraya, amma wannan bai hana dubban kadada na ƙasar noma su koma hannun kamfani ba, kamfanin da daga baya aka sayar wa rukunin Dangote. Ko mutum yana ganin aikin sukari alheri ne ga jiha ko ba ya gani, abin lura shi ne manomin da ba shi da takarda ba shi da bakin ciniki a ranar da aka zo da taswira.

Rashin rubutacciyar iyaka kuma shi ne ke hura wutar rigingimun da suka addabi jihar. Faɗan manoma da makiyaya da ya ɓarke a ƙasar Numan a ƙarshen 2017 ya ci rayuka masu yawa daga kowane ɓangare. Haka kuma Lunguda da Waja, waɗanda suka daɗe suna maƙwabtaka da auratayya a kan iyakar Adamawa da Gombe, sun sha gwabzawa a 'yan shekarun nan, galibi a farkon damina lokacin sharar gona. Kowane ɓangare yana kafa hujja da tarihin kakanninsa, hukuma kuwa ba ta da littafin da za ta buɗe ta raba gardama.

SU MA MAKIYAYA AN MANTA DA SU

Kuskure ne a ɗauka wannan magana ta ƙabilun duwatsu ce kaɗai. Fulanin daji, waɗanda ake kira Mbororo, suna cikin waɗanda hukuma ta fi mantawa da su, ko da yake harshensu ɗaya da na fadar Yola. Gwamnatin Jihar Arewa ta yi dokar keɓe makiyaya a 1965, amma daga cikin wuraren kiwo sama da 400 da aka ware a ƙasar nan, kimanin kashi ɗaya cikin uku ne kawai aka tabbatar da su a gazet. Sauran, da burtalai da mashaya, gonaki da gine-gine sun cinye da yawansu. A Kamaru, Mbororo sun kafa ƙungiyarsu mai suna MBOSCUDA tun 1992 domin neman haƙƙinsu na ƙasar kiwo. Manomin kan dutse da makiyayin da ke gindinsa ciwonsu ɗaya ne: dukansu suna rayuwa a kan ƙasar da babu sunansu a takardarta.

Akwai kuma tsoron da mazauna birane irin su Yola da Jimeta da Mubi suke da shi, kuma bai kamata a yi watsi da shi ba. A Nijeriya kalmar ɗan asalin wuri takobi ce mai kaifi biyu, gama da takardar shaidar asali ake samun gurbin karatu da aikin gwamnati, da ita kuma ake mai da wanda aka haifi kakansa a gari baƙo. Bahaushe ko Bafulatani ko Babarbaren da iyayensa suka yi shekara ɗari a Gombi ko Michika yana da haƙƙin ya tambayi matsayinsa a sabuwar masarauta. Sashe na 43 na tsarin mulkin 1999 ya ba kowane ɗan ƙasa damar mallakar gida ko fili a ko'ina cikin Nijeriya, sashe na 42 kuma ya hana nuna bambancin ƙabila ko addini. Rajistar da za ta kare ƙasar al'umma ita ce kuma za ta kare gonar da baƙon jiya ya saya ko aka ba kakansa.

YADDA WAƊANSU SUKA YI

Ran 13 ga Satumba na 2007 Majalisar Ɗinkin Duniya ta zartar da sanarwa a kan haƙƙin al'ummun asali, wadda ta ce kada a tashe su daga ƙasarsu sai da yardarsu bayan an yi musu cikakken bayani. Ƙasashe sama da 140 suka goyi baya, huɗu suka ƙi, Nijeriya kuwa tana cikin goma sha ɗaya da suka ƙaurace wa ƙuri'ar. Hujjar da gwamnatocin Afirka da dama suka riƙe ita ce duk baƙar fata ɗan asalin nahiyar ne. Amma hukumomin Tarayyar Afirka sun fassara kalmar da nufin al'ummun da rayuwarsu ta rataya a kan wata ƙasa ta musamman, aka kuma bar su a baya wajen mulki. Da wannan fassara ce aka ba mutanen Endorois na Kenya gaskiya a 2010 a kan ƙasarsu ta bakin tabkin Bogoria da aka mayar gandun namun daji, Kotun Afirka da ke Arusha kuma ta ba mutanen Ogiek gaskiya a 2017 a kan dajin Mau. Kenya ta yi dokar rajistar ƙasar al'umma a 2016.

Misalin da ya fi kusa da mu yana Jamhuriyar Nijar. Dokar karkara da suka yi a 1993 ta amince da riƙon gargajiya a matsayin mallaka, ta kafa kwamitocin ƙasa har zuwa matakin ƙauye, inda mai gari da manoma da makiyaya suke zama tare a shaida gonar wane ce, ina burtali ya bi, a kuma ba da takarda. Aikin yana tafiyar hawainiya, bai kuma kashe rigima duka ba, amma ya nuna abin mai yiwuwa ne. A nan gida, marigayi Shugaba Umaru Musa 'Yar'aduwa ya kafa kwamitin gyaran dokar ƙasa a 2009 ƙarƙashin Farfesa Akin Mabogunje, aka yi gwajin rajistar filaye gida-gida a Kano da Ondo. Masana suna ƙiyasta filayen da ke da rajista a Nijeriya duka ba su wuce kashi 3 cikin 100 ba.

ABIN DA YA RAGE

Jihar Adamawa ba ta bukatar jiran a gyara tsarin mulki kafin ta fara. Dokar 1978 ita da kanta ta tanadi kwamitin ba da shawara kan rabon filaye a kowace ƙaramar hukuma, ta kuma ba ƙananan hukumomi ikon ba da izinin riƙo ga mutum ko ƙungiya. Abin da ake bukata shi ne a tura ma'aikatan safiyo gunduma-gunduma, a tara dattawan ƙauyukan da ke maƙwabtaka da ardo-ardon Fulani, a bi iyaka da ƙafa a gaban kowa, a rubuta gonaki da sunan masu su, dajin gari da makiyaya da burtali kuma da sunan jama'a, yadda ba wani mai riƙe da sarauta da zai sayar da su shi kaɗai. Ya kamata a fara da wuraren da aka fi mantawa da su, irin su Koma da Vere da ƙauyukan Mandara, inda Sukur take, wadda gonakinta na matakalar dutse suka sa hukumar UNESCO ta sa ta cikin kayan tarihin duniya a 1999, wuri na farko da ya sami wannan matsayi a Nijeriya.

Sababbin sarakuna su ma ga aiki a gabansu. Jama'arsu sun yi fiye da ƙarni suna jiran wannan sanda, za su kuma auna ta ne da abin da ta kare musu. Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya. In aka bari sai mai neman ma'adini ko mai kamfanin noma ya iso da takardarsa daga Yola ko Abuja kafin a fara neman shaidar iyaka, to, an makara. Allah ya ba shugabanninmu ikon riƙon amana, ya zaunar da Jihar Adamawa da Nijeriya lafiya, amin.